Batirin da Na Cika da Yashi

Ni ban taɓa haura katangar kowa ba. Da sallama nake shiga gida, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo mini ruwa, in cuci mutane, su raka ni har bakin ƙofa suna godiya. Ƙannena masu koyon sana'ar hannu, da ku nake magana.

A Makama aka haife ni, cikin garin Yola. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ita ta kama hannuna ta kai ni Jimeta wurin wani mai gyaran kayan wuta. Na koyi naɗin fanka da gyaran dutsen guga da wayarin gida. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Na buɗe ɗan shagona, abin da nake samu yana isata ci da kuɗin keke, har in kai wa Dada sabulu.

Da fararen ƙwayayen fitila masu tsimin wuta suka shigo, sai na gano wani abu game da mutane. Mutum zai yi rabin awa yana ja da kai a kan kuɗin gyaran fanka, amma da ka ce masa, "Wannan zai rage maka kuɗin wuta," hannunsa ya tafi aljihu. Har waɗanda ba su da mita fa, waɗanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ko sun kunna ko ba su kunna ba! Sai na fara zuba ƙwai masu arha a kwalin masu tsada. Daga nan na koma wani ɗan akwati da ake sokawa a soket, wai yana tace wuta. Na buɗe ɗaya don in gani, babu komai ciki sai 'yar koriyar fitila, ita ma wutar take sha. Na yi dariya har da buga ƙafa, na je na saro katan biyu.

Ana nan sai rikicin 'yan ta da ƙayar baya ya watso mutane daga Mubi da Michika da Madagali. Gari ya cika, ɗaki ɗaya mutum goma, ga zafi, ga wuta ba ta tsayawa. Kowa maganar sola yake yi. Wasu suna buɗe wa baƙi gidajensu, ni kuwa kasuwa na hango.

Mutanenmu ba sa karanta rubutun jikin batir, ɗagawa suke yi. Mutum ya sunkuya ya cicciɓa, idan ya ji bayansa ya amsa sai ya ce, "Wannan na gaske ne." Dalma ce ke sa batir nauyi, amma yashi ma yana da nauyi. Sai na riƙa sayen ƙwanson matattun batura da aka kwashe dalmarsu, in sa ƙaramin batirin babur a ciki, in cike sauran da yashin kogin Binuwai, in liƙe, in fesa fenti, in manna sitika mai taurari biyar. Yakan yi aiki na sati biyu ko uku. Idan aka dawo da ƙorafi, in ɗaure fuska in ce sun ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa.

Wata rana wata malamar firamare mai suna Kuve ta zo shagona daga Jambutu. Mahaifinta, Baba Tizhe, tsohon hedimasta ne, ya gudo daga Michika da kayan jikinsa da jakar maganinsa. Ciwon suga yake da shi, yana yi wa kansa allura safe da yamma, ruwan allurar kuwa ba ya son zafi. Tana so in haɗa musu sola da ƙaramin firij.

Da na je gidan na ga yadda tsohon yake ajiye maganinsa. Ƙaramin tulu ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi a wani babban kasko, a kusurwar ɗaki, yana yayyafa masa ruwa kullum. Kwalba ɗaya yake saya, idan ta ƙare ya sayo wata. Ya saurari duk surutuna har na gama, sannan ya sauke tabarau.

"Ɗana, ka ce zai rage mini kuɗin wuta. Tulun nan ba ya shan wuta. Me za ka rage?"

Na ce zamani ya wuce tulu, Baba.

Ya ce, "Kai a shagonka sola kake kunnawa?"

Janareta nake kunnawa. Na dube shi ido cikin ido na ce sola.

Kuve ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, ka bar gidanka, ka bar gonarka. Ka bari in yi maka wannan ɗaya." Tsohon ya dube ta ya ce a kawo. Wallahi bai yarda da ni ba, don ita kaɗai ya amince. Da na kawo batura biyu ya gwada ɗaga ɗaya, ya kasa, ya ce, "To, nauyi kam akwai." Kusurwar da tulun yake nan ce ta fi dacewa da kayana, sai na ce danshi zai ɓata batir. Da hannuna na fitar da kaskon tsakar gida, cikin rana. Ita kuma Kuve, ganin an samu firij, ta je ta sayo maganin wata uku a lokaci ɗaya.

Bazara ta kama sosai, irin zafin Yola da ko fanka ba ta yi masa komai. Sati na uku Kuve ta kira ni. Ta ce firijin yana sanyi da rana, amma da safe sai ta ji cikinsa da ɗumi. Na ce sabo ne, bai gama sabawa ba. Bayan kwana huɗu ta sake kira, ta ce yanzu da rana ma ɗaukewa yake yi. Na ce a goge ƙurar fanel ɗin da ke zuƙo hasken rana. Kira na uku ina zaune a shago ina cin soyayyen kifi. Na ga sunanta, na kife wayar a kan benci, na ci gaba da ci.

Na san abin da ke cikin firijin nan. Magana ɗaya ce tak za ta wadatar: ku mayar da allurar cikin tulu. Amma idan na faɗe ta na amsa cewa kayana ƙarya ne, shi ya sa na haɗiye ta.

Ruwan allurar ya lalace ba tare da ya canza kama ba, tsohon ya ci gaba da yi wa kansa kamar kullum. Wata ranar Talata Kuve ta dawo daga makaranta ta same shi kwance a tabarma ba ya amsawa. Kwana biyu ya yi a asibiti ya rasu. Likita ne ya tambaye ta inda suke ajiye maganin.

Bayan an binne shi ta sauka a keke a ƙofar shagona da tsakar rana, da batir ɗaya da taɓarya. Ba ta zage ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗaga taɓaryar ta sauke, sau uku, ƙwanson ya tsage, yashi ya kwararo har bakin kwata. Mutanen layin suka taru. Sai wani mai sayar da katifa da ya sayi biyu a wurina ya ce, "Innalillahi!" Ba don 'yan sanda sun iso ba, da a nan aka gama da ni.

Alƙali ya ɗaure ni shekara huɗu a kan zamba. A kan ran Baba Tizhe babu wanda ya tuhume ni, kuma wannan ya fi ɗaurin ciwo, don shi ba shi da ranar fita. Sau ɗaya Dada ta zo gidan yari. Ta zauna ta rufe fuska da gyale ta ce, "Gyara na kai ka ka koya." Na yi kuka kamar yaro a gaban gandiroba.

Da aka sake ni na yi sati biyu ina kai-komo kafin na iya zuwa Jambutu. Na durƙusa a tsakar gida. Kuve ta fito, ta rame, furfura ta fara fito mata.

Ta ce, "Na yafe maka tun kana ciki, don in samu in iya yin addu'a. Tambaya ɗaya nake da ita. Da na kira ka na uku, kana ina?"

Na ce ina shago, wayar tana gabana.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka na zata. Shiga ka ɗauki kayanka."

Batir na biyu yana nan a kusurwar da tulun yake a da. Na ɗora shi a kafaɗa, ban tsayar da keke ba, na taka da shi har shago.

Yanzu na koma naɗin fanka. Ba na cewa babu solar gaske, akwai, na kuma ga inda ta yi amfani. Amma idan mutum ya zo zai jefar da abin da ke masa aiki don an ce sabo zai rage masa kuɗi, nakan yi masa tambayar Baba Tizhe: me za a rage? Ku kuma ƙannena, kada ku ce kwali kawai na canza, ai ba sata ba ce. Ni ma daga kwali na fara. Duk wanda ya kira ka gyara ya ba ka amanar abin da bai sani ba. Idan ka yi kuskure kuma wayarka ta yi ƙara, ka ɗauka, ka faɗi gaskiya tun mutumin yana numfashi.

Batirin yana nan a ƙofar shagona. Har yau masu wucewa sukan sunkuya su cicciɓa su ce, "Kai, wannan na gaske ne, nawa?" Sai in ce ba na sayarwa ba ne, in matso musu da benci, in gaya musu abin da ke ciki da sunan mutumin da yashin nan ya kashe.