Tsamiyar Kaka Dauda

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Ina tsugune bakin murhu ina hura wa Inna wuta da mafici, sai na ji ƙarar wasa ƙarfe a bayan rumbu. Na leƙa, na ga Babanmu a durƙushe yana wasa gatari a kan dutse, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ga waɗansu mazan majami'armu tsaye a ƙofar gida kowa da nasa a kafaɗa. Ba wanda ya ce mini uffan, amma na san inda za su. Tsamiyar bakin dutse za su sara, kuma Kaka Dauda, mahaifin Baba, yana zaune a gindinta tun da sassafe.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Kwatarkwashi. 'Yan gidajen Kirista ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kuma kakanninmu duk Maguzawa ne kafin bishara ta iso. A gindin wani dutse akwai wannan tsohuwar tsamiya, ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashin saiwoyinta. Ko rijiyoyin gari sun ƙafe ƙarƙaf, nan ba a rasa abin cika tulu. Mu ɗiba, matan unguwar Musulmi su ɗiba, Fulanin rugar bayan dutse su kawo maruƙa su sha. Can muke carafke idan an aike mu, mu tsinto tsamiyar kunu, mu dawo gida a makare mu sha faɗa. Abu ɗaya ne ya ɓata mata suna: a zamanin da, mahaifin Kaka ne ke yanka wa iskoki kaji a gindinta, kuma kowa ya san haka.

Kaka yana cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma a ƙauyen. Da ƙarfinsa ya ragu ya bar wa Baba gonar gero da ta auduga, sai ya mai da tsamiyar nan sana'arsa. Ni ce mai kiwon awakin gida ranar da babu makaranta, don haka tare muke tafiya. Zai kwashe ganyen da ya toshe idon ruwan, ya gyara duwatsun da shanu suka ture, ya kori yaran da suka zo harbin tsuntsu da danƙo. Mai neman ɓawon magani kuwa sai Kaka ya tsaya a kansa, kada ya zagaye itacen da wuƙa. Bayan haka sai ya jingina bayansa da kututturen, ya ɗora hannu a gwiwa, ya rufe ido. Shi ke nan, ko leɓensa ba ya motsi, har tsuntsayen da suka watse su dawo su sauka kusa da ƙafarsa. Ni da ba a san ni da kama baki ba nakan tsokane shi irin na jika da kaka, in ce, "Angona, barci ne ko rowar hira?" Sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Amarya, na daɗe ina yi ma Allah surutu. Yanzu ni ka saurare."

A shekarar aka turo mana sabon mai bishara, Malam Yohanna, saurayi mai zafin nama. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai ƙwazo, shi ya koya wa rabin matan ƙauyen karatu. Amma a wurinsa addu'a sai da murya, idan yana roƙo har a masussuka ana jiyo shi. Wata safiya wata mata ta je ɗibar ruwa ta tarar da Kaka riƙe da gashin jan zakara mai jini. Kafin rana ta take, magana ta gama gari cewa tsafi yake yi. Gaskiyar ita ce har lokacin akwai waɗanda ba su saki tsohuwar hanya ba, sukan zo a ɓoye su yi yankansu, Kaka kuma ya kwashe ƙazantar don kada ta shiga ruwan da mutane ke sha. Ya san su sarai, amma aka yi juyin duniya ya faɗi suna ya ƙi.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawan ikilisiya suka zauna, Baba yana cikinsu, aka kira ni tunda ni ce mai binsa. Na tsaya a gabansu. Malam Yohanna ya tambaye ni abin da Kaka ke yi a gindin itacen, na ce addu'a. Ya ce me yake faɗa a cikin addu'ar, na ce ba ya faɗin komai, saurare yake yi. Sai na ga dattawan sun dubi juna. "Wa yake saurare a gindin tsamiya?" in ji Malam. Na ce Allah mana, amma ba wanda ya kula ni. A nan aka yanke cewa za a sare itacen ran Asabar, kuma Baba ne zai fara sara, don a tabbatar gidanmu ya rabu da tsafi. Idan Kaka ya hana, za a sa shi cikin horo, a hana shi cin jibin Ubangiji, gurasar da ake raba wa masu baftisma a majami'a.

Makon nan gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Inna na surfe ba waƙa, Baba ya dawo daga sharar gona ya ci tuwo shi kaɗai, ya daina zama kan tabarma ɗaya da mahaifinsa. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta tambayi Inna ko gaskiya ne abin da suka ji, ta ce to maruƙansu fa, ina za su sha ruwa. Kaka kaɗai ne bai sake komai ba, gari na wayewa ya ɗauki sandarsa.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin, da na ga gatura, na yar da maficin na bi ta bayan danga da gudu, ƙaya na sukata ban tsaya ba. Na same shi a jingine yadda ya saba. Ina haki na ce ya tashi, ga su nan tafe. Bai ko firgita ba, ya ɗan matsa ya ce, "Zamna, amarya." Na zauna a jikinsa, na manna bayana da itacen.

Suka iso suka yi cirko-cirko. Malam Yohanna ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya tashi. Kaka ya ce, "Malam, wanga icce bai yi zunubi ba, mu munka yi, kuma an gafarta muna. Ba nawa ne ba balle in ba ku. Ni dai nan nika addu'a." Ya mai da ido ya rufe. Baba ya matso, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Rifkatu, tashi daga nan." Ban taɓa ƙin maganarsa ba sai ranar. Na ƙanƙame hannun Kaka na sunkuyar da kai, ina jiran mari. Marin bai zo ba. Sai na ga ƙafafun Baba sun gyara tsayuwa daf da mu, na ji ya ja numfashi, gatari ya sauka a saman kawunanmu da wata ƙara da ta girgiza mini haƙora. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, ɓawo ya zubo mana. Wani tsinin ɓawo ya yanki Kaka a goshi, jini ya biyo gefen hancinsa ya sauka cikin furfurar gemunsa, amma bai buɗe ido ba, bai kai hannu ya share ba.

Gatarin ya kafe a cikin itacen, Baba yana riƙe da ƙotar yana kallon fuskar mahaifinsa. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tsiyayar ruwa a tsakanin duwatsu. Can Baba ya zare gatarin ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Malam, ba ni iyawa. Wanda ka iyawa shi zo shi ɗauke tsohon da hannunai." Ba wanda ya motsa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, Malam Yohanna ne na ƙarshe.

Tsamiya ta tsira, amma ba a banza ba. Aka sauke Baba daga matsayin dattijon ikilisiya, aka sa Kaka cikin horo. Duk ranar jibi yakan zauna a bencin baya tare da mu yara, faranti ya wuce ta gabansa, mutumin da ya ɗauko jinkar majami'ar farko a kansa. Ni nake kuka don haushi, shi kuwa ya sunkuyar da kai kurum. An ce ya tsaya gaban jama'a ya tuba a mai da shi, ya ce bai san abin da zai tuba a kai ba. A haka ya rasu damina ta biyu bayan nan, kuma Musulmi da Fulanin da suka zo gaisuwa sun fi mu yawa.

Yanzu a Gusau nake, ruwa kuwa sai na jira 'yan garuwa. Rashin zaman lafiya ya watsa ƙauyenmu, wasu suna Bungudu, wasu Tsafe, rabona da hanyar can har na daina lissafi. Bara wata 'yar garinmu ta gaya mini masu gawayi sun sare tsamiyar bayan mutane sun tashi, idon ruwan kuma ya bushe. Da can tsoho ɗaya a zaune ya ishe ta tsaro, yau ko wanda zai je ya ga kututturen babu. Nakan so in koma in zauna a wurin ko na ɗan lokaci, in gwada yin shiru irin nasa. Shi dai ban taɓa jin ya ce an cuce shi ba. Ni ce har yau ban huce ba.