Mutumin da Aka Bari a Saman Falwaya

A shekarar da 'yan ta'adda suka ci Mubi, jama'a suka kwararo Yola a ƙafa da bayan manyan motoci, Allah ya kawo mini wani tsohon abokina gidana a Adarawo. Malamin makarantar boko ne, tun muna samari nake ce masa Ticha, shi kuma yana tsokanata da Modibbo, wato malam da Fulatanci. Ya iso da riga ɗaya a jikinsa. Idonsa ya riga ya yi rauni, an kuma ƙone masa gida da littattafansa kaf. Ya zauna a zaurena yana salla, yana cin abin da aka kawo, amma magana ta ƙare masa.

Akwai bashi tsakaninmu, ba na kuɗi ba. Muna samari muka yi yarjejeniya: ni in koya masa ajami, shi ya karanta mini wani littafin labari na boko, don a lokacin ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Na cika nawa alkawarin har ya iya rubutu. Shi kuwa yana tsakiyar karatun aka canja masa wurin aiki, ya tafi da littafin. Labarin leburori ne masu kafa falwaya, suna jan wayar wuta cikin daji zuwa wani gari. An tsaya mini daidai inda helmansu, wato shugaban leburorin, ya hau falwaya a bakin kogi, ruwa ya taso, hularsa ta faɗa ciki, igiyar da zai sauko da ita ta tsinke. Littafin ba shi da bango, sunansa ban taɓa ji ba.

Wata rana bayan la'asar na ce, "Ticha, mutumin nan na saman falwaya ya sauko kuwa?"

Ya kawar da kai. Na sake tambaya washegari. Sai ya ce, "Modibbo, sun ƙone littafin. Ko sunansa ya fita daga kaina. Ka bar ni."

Ban bar shi ba. Na sa takalmi na hau keke-napep zuwa Jimeta.

Kwanakin nan mutane na ɓoye takardun makarantarsu, wasu har binne su suke yi, don ana cewa masu bindiga na tafe. Ni kuma ga ni da rawani da carbi, ina bin masu sayar da tsofaffin littattafai ina tambaya da ƙarfi. Wani maƙwabcina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, a irin wannan lokaci kake neman littafin boko? Rage murya mana." Na ce masa na sauke Alƙur'ani tun kafin a haifi waɗancan yaran, ba su ne za su gaya mini abin da zan karanta ba. Muryata ma ƙara ta na yi.

An yi mini dariya sosai. Wani ya ce, "Baba, littafi ba suna, ba marubuci? Ai ko a asibiti sai an faɗi sunan mara lafiya." Wani ya rantse labarin masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa nake nufi, tsufa ne ya rikita ni. Na ce falwaya ce. Yau jikokina suna cewa da sun latsa waya da sun samo mini shi nan take. Na ba su labarin hular, sun latsa, ba su samo komai ba.

Inda na same shi ban zata ba. Tun ina yaro aka hore ni kada in wuce takarda mai rubutu a ƙasa, ko da sunan Allah a ciki. A unguwar Jambutu na sunkuya na ɗauki wata mai maiƙo kusa da teburin mai tsire. Babu komai a jikinta sai lissafin 'yan makaranta, amma ta sa na tambaye shi inda yake samun takardun naɗe nama. Ya nuna mini buhun da ya saya daga wata makarantar da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. Na zauna a ƙasa ina tonawa, yana mita. Can ƙasa na ga zanen mutum a saman falwaya, hula tana faɗowa. Sunan littafin yana saman kowane shafi. Na haɗa haruffan da kaina, da ɗan bokon da na koya da girma.

Na kawo shi zaure na fara karantawa, ina tuntuɓe. Ticha ya jure shafi ɗaya, ya jure na biyu, sannan ya ce, "Kai, Modibbo, kana yanka labarin nan kamar mahauci! Maimaita."

Haka muka yi kwanaki, ina karatu yana gyara ni yana faɗa. Muka iso bakin kogi, igiya ta tsinke. Na juya shafi, babu komai. Sauran ya tafi da tsire.

Na ce, "To, ga mu inda ka bar ni."

Sai ya gyara zama, ya share murya irin ta aji, ya ɗauko labarin daga kansa. Leburorin suka kwance rawunansu da ɗamarunsu suka ƙulla suka yi igiya, suka shiga ruwa har wuya, suka sauko da helma. Bai tsaya ba sai da wuta ta kama a garin.

Ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Na biya?"

Na ce, "Ka biya, Ticha. Tashi mu yi alwala."