Gulbin da Ya Fito a Allo

A zangon karatun da mahaifiyarsa ta daina cin abinci, Malam Dalhatu bai yi fashin shiga aji ba, bai kuma makara ba. Abokan aikinsa sun yaba masa, waɗanda suka lura.

Tarihi da labarin ƙasa yake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Gusau. Kafin Gusau ya koyar a Tsafe, kafin Tsafe a Bungudu, kuma duk inda ya bari da abu biyu ake tuna shi: jan biro a aljihun gaba, da aikin gida guda ɗaya da yake bai wa 'yan aji biyu kowace shekara. Kowane ɗalibi ya zano taswirar garinsu, da kibiyar arewa a sama. Sannan ya sami wani tsoho ya tambaye shi yadda aka kafa garin, ya rubuta a bayan takardar. Wanda ya kwafi aikin wani sifiri ne, wanda ya bari aka kwafi nasa shi ma sifiri.

Don kada wani ya ce bai gane ba, yakan zana musu misali a allo. Misalin ba ya canzawa: Tungar Marke, ƙauyen da aka haife shi, can bayan duwatsun Kwatarkwashi. Masallaci a tsakiya, tsamiya a gefensa, rijiya biyu, maƙera, burtali, maƙabarta daga yamma. Hannunsa ya saba har yana iya zana garin yana kallon masu surutu.

A shekarun Bungudu da Tsafe aikin yana yi masa daɗi. Takardu su dawo kowace da kamanninta, wata da dutse, wata da fadama. Daga bayan takardun ne ya fahimci cewa kusan kowane gari a ƙasar nan maharbi ne ya kafa shi, kuma maharbin kakan wanda aka tambaya ne. Bai taɓa rage wa kowa maki a kan wannan ba.

Mahaifiyarsa, Inna Dije, aikin ido ya kawo ta Gusau. Da ƙullin kaya ɗaya ta zo, ta bar wa maƙwabciyarta Tambaya awakinta, ta ce ba za ta daɗe ba. Tana jinya aka fara. 'Yan bindiga suka zo Tungar Marke, suka sake zuwa. Ba a rana ɗaya garin ya tashi ba. Wannan gida ya nufi Bungudu, wancan Tsafe, har limami ya ja wa masallaci ƙofa ya bi su.

Ba a faɗa wa tsoho irin wannan kai tsaye, don haka ba a faɗa mata ba. In ta tambayi ranar komawa, sai Malam Dalhatu ya ce hanya ta ɓaci, a bari damina ta wuce. In damina ta wuce, a bari a kawar da amfanin gona. Daga nan azumi, daga nan Sallah, sai ga wata daminar. Shekara tana da isassun dalilai, ya yi ta juya su, ita kuma tana karɓa.

Tambaya ce ta ɓata tsarin. Ta zo asibiti daga Tsafe, inda take zaune wurin ɗanta, ta biyo gaisuwa. Tana zaton kowa ya sani. Ana cikin hira ta ce ai Tungar Marke babu ko kaza, ciyawa ta rufe maƙera, awakin ma an daɗe da kore su. Inna Dije ta ce Allah ya kyauta, ta raka baƙuwarta har ƙofa, ta dawo ta zauna.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambayi ɗanta dalilin ɓoye mata ba. Kwanon tuwonta ne ya fara komawa madafa yadda aka kawo shi. Wasila, matar Malam, ta gwada fura, ta gwada kunun tsamiya, ta sa aka nemo hoce mai zafi. Tsohuwar takan gutsura, ta yi godiya, ta rufe. Likita ya auna ta ya ce jininta ya fi nasa kyau. Zoben azurfarta ya fara zamewa daga yatsa, sai ta cire ta ɗaure a bakin zane. Malam yana gani. Yakan tsaya a ƙofar ɗakinta da safe ya gaishe ta, ya dubi kwanon, ya hau babur.

A cikin wannan hali lokacin aikin taswira ya zo, ya bayar kamar kullum. Da aka kawo takardun ya fara dubawa a ofishin malamai. Ta farko Tungar Marke ce. Ta biyu ma. Ya ci gaba da ɗagawa. In ban da 'yan kaɗan da suka zano unguwannin cikin Gusau, ajin gaba ɗaya ya koma 'yan Tungar Marke. Masallaci, tsamiya, rijiya biyu, ba abin da suka manta. Har ƙari suka yi. Allon ajin na siminti ne, ya tsage tun wata damina, tsagar ta gangaro daga sama ta ratsa ta tsakanin masallaci da maƙera. Yaran suka ɗauka cikin zanen take. Suka bi ta da shuɗin biro, suka rubuta gulbi. Wani har gada ya sa.

Washegari ya shiga aji da takardun, ya kira Ummi, wadda ta fi kowa ƙoƙari.

"Ummi, ke 'yar Tungar Marke ce?"

"A'a, Malam."

"To me ya kai ki can?"

Ta ce tana ƙarama suka bar garinsu, abin da take tunawa kawai wata ƙofa ce ta langalanga. Ta tambayi kakarta, kakar ta juya ta kalli bango, kawunta kuma ya ce kada ta sake. Wani yaro, Faruk, ya ɗaga hannu ya ce shi ya so zana kangon da suke zaune, sai mai shi ya zo zai yi rufi, suka koma wani, yanzu bai san wanne ake so ba.

"Kuma Malam," in ji Faruk, "cewa ka yi kada a kwafi na ɗalibi. Ba ka ce naka ba."

Ajin ya yi dariya. Malam Dalhatu ya jira ta ƙare, ya tuna musu dokar kwafi, ya ce a buɗe littafi. Aikin aji na ranar a kan dalilan da ke sa mutane ƙaura ne, kamar yadda manhaja ta tsara. Yaran suka kwafi dalilan daga allo da rubutu mai kyau.

Ya tafi da takardun gida. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya cire murfin jan biro. Inna Dije tana zaune a gefe, kwanonta a rufe. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, tun da ya fara koyarwa take ce masa Malam kamar kowa.

"Malam, mi kaka yi?"

Ya ce aikin yara ne. Ta miƙo hannu, ya ba ta ɗaya. Ta kai ta kusa da idon da aka yi wa aiki. Ba ta san taswira ba, sai ya nuna mata: nan masallaci, nan tsamiya. Bai kai ga rijiya ba ta ɗora yatsa a kan wani ɗan murabba'i ta ce nan ne gidanta. Daidai ne. Ta karɓi ta biyu, ta uku, tana samun gidanta a kowace.

"Duk waɗanga ɗiyan garinmu na?"

"Haka suka rubuta, Inna."

Ta sa ya karanto mata sunayen iyayensu. Yana karantawa tana girgiza kai. Ba ta san ko ɗaya ba. Ta tambaya, su fa ina nasu garin. Ya ce irin namu ne, su ma sun tashi. Yatsanta ya bi shuɗin layin nan.

"Wanga fa?"

"Gulbi ne."

"Yaushe munka yi gulbi?"

Ya yi mata bayanin allo da tsagar, dalla-dalla, kamar yadda yake yi wa 'yan aji biyu. Ta saurara. Ta ce shekarunta nawa tana jan guga a garin nan, sai da ta bar shi aka samu ruwa. Sannan ta tambayi aikin jan biron. Ya ce zai soke takardun ne, don garin ba nasu ba ne.

"Korar su za ka yi ke nan," in ji ta. "Gari ba kowa, ka samu masu so, kana kora. Bar su su zauna."

Ya ce akwai doka. Ta ce wa ya kafa ta. Ya ce shi ne. Sai ta shiga rabon gidaje. Ummi a sa ta a gidan Tambaya, tunda Tambaya da bakinta ta ce babu kowa. Mai gadar nan a kai shi kusa da maƙera, da alama yana da hannu. A gaya musu rijiyar arewa ba a shan ta, wanki kawai ake yi da ita. Kuma kada wanda ya taɓa tsamiyar. Da ta gaji ta kira Wasila ta tambaya ko akwai sauran hocen nan. Aka ɗumama aka kawo. Ta ci rabi. Wasila ta ɗauke kwanon, Malam bai ɗago kai daga takardu ba.

Bai ba kowa sifiri ba. Ya rage wa waɗanda suka manta kibiyar arewa, ya rage wa Faruk saboda ƙazantar rubutu. A gefen rijiyar arewa, a kowace takarda, ya rubuta da ja: ba a sha.

Har yanzu yana makarantar, aikin gidan ma yana nan, masu zano Tungar Marke kuma ba raguwa suke yi ba. Inna Dije rabin kwano take ci, ba ta taɓa wuce haka ba, zoben yana nan a bakin zane. Ta daina tambayar ranar komawa. Abin da take tambaya, in ya dawo ya jingine babur, shi ne ko gulbin ya kawo. An daɗe ana maganar gyara allon, ba a gyara ba, kuma duk damina tsagar tana ƙara buɗewa.

"Yana ƙaruwa, Inna," yakan ce.