Akwatin Baba Habu a Saman Kaya, Kwatano zuwa Jugu

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar wata Talata, cikin watan Agusta, muna tsaye mu biyar a ƙofar gidanmu da ke Zongo. Akwai ni Sule, mai mota kuma direba. Akwai Baba Habu, ƙanin mahaifina, da matarsa Inna Kande. Akwai maiɗakina Hajara. Ta biyar ita ce Iya Rabi, maƙwabciyarmu mai sayar da cukun wagashi, wadda ta ji za mu Jugu ta ce ba za a bar ta ba.

Dalilin tafiyar shi ne Gwaggo Asabe, yayar Baba Habu, da ke aure a Jugu tun kafin a haife ni. Idanunta sun tafi, jiki ya yi rauni. Ta aiko cewa tana so a karanta mata kundin gidanmu kafin ta cika. Kundin nan rubutun ajami ne, kakan kakanmu ya fara shi, 'ya'ya suka ɗora. A ciki akwai sunayen fataken da suka bi hanyar goro, da zangon da kowa ya sauka, da wanda ya auri wa, da addu'o'in da suke yi in za su tashi. Babu kwafinsa ko'ina. Yana cikin gafaka uku, gafakun kuma suna cikin akwatin katako mai tsawon kamu ɗaya.

Lodi

Motata a-kori-kura ce ƙarama, mai ƙofa huɗu. Wanda bai taɓa loda irinta ba ya sani cewa kujerar baya da aka ƙara mata, daga bodi aka yanko wurinta. Bodin mita ɗaya da rabi ne kawai, da ƙugiya huɗu na ɗaure igiya. Kujerar bayan kuma in mutum uku suka zauna, gwiwa tana taɓa kujerar gaba.

Ga yadda na jera kayan. Buhun shinkafa huɗu a ƙasa. Jarkar manja uku a jikin ƙofar baya. Kwanukan Iya Rabi a tsakiya. Katifar da muka saya wa Gwaggo a kan su duka. Sai akwatin ya rage a hannun Baba.

Cikin motar wuri biyu ne ya saura: ƙarƙashin kujerar baya, da ƙasan ƙafar mai zama gaba. Duk biyun ba su yiwuwa, domin takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a zama a kanta, ba a kuma ajiye ta inda ake taka ƙafa.

Baba ya ce, "Sule, bar shi a cinyata."

Na ce, "Baba, kilomita ɗari huɗu da sittin ne. Ga gwiwarka da ke kumbura."

Hajara ta ce, "Malam, ni sai in riƙe. In na gaji in miƙa wa Inna."

Na ce a'a. Tun da na fara tuƙi dokata ɗaya ce: mutum a ciki, kaya a waje. Na karɓi akwatin na ɗora shi a kan katifa, sama da komai, don kada wani kaya ya hau kansa. Na ja tamfol sabo na rufe, na ɗaure a ƙugiya huɗu. Na duba sama, garin Kwatano sai iska mai sanyi, mako uku ba mu ga ruwa ba. Na ji daɗin tsarina ƙwarai.

Iya Rabi ta ce, "To Sule mai agogo, an gama jarrabawar? Mu shiga ko sai an busa usur?"

Muka tashi ƙarfe shida da minti biyar.

Godome zuwa Bohikon

Mun isa mahaɗar Godome shida da minti ashirin da biyar. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓa, sun riga sun cika titi da rigunansu ruwan ɗorawa, mata suna sauke kwanduna a bakin kasuwa. Muka juya arewa ta Kalabi.

Alada, ƙarfe bakwai da rabi, kilomita hamsin da biyar. Inna Kande ta sa na tsaya ta sayi abarba shida, jaka ɗaya, wato sefa dubu. Ba ta da wurin sa su sai kan ƙafarta. Na sauka na zagaya motar, na ja igiya huɗun ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiya.

Kafin Bohikon ɗan sanda ya ɗaga hannu. Na miƙa masa takardun mota a jere yadda nake ajiye su, ya duba, ya leƙa ciki ya ga Baba da carbi, ya gaishe shi ya ce mu wuce. Baba ya ce masa Allah ya yi albarka. Muka shiga Bohikon ƙarfe tara daidai, kilomita ɗari da talatin. Na sha mai, na sake jan igiyoyi.

Dasa da Sabalu

Duwatsun Dasa sun bayyana ƙarfe goma da rabi. Nan muka ci abinci a rumfar wata mata da direbobin arewa suka saba da ita, sakwara da miyar gyaɗa, ɗari bakwai kwano. Matan sun fito daga baya suna ɗingishi.

Iya Rabi ta ce, "Wannan motar taka, Sule, wanda ya ƙera ta bai da gwiwa."

Na ce, "Iya, ai ba gayyatar ki aka yi ba."

Ta ce, "Da na san a gwangwanin sardin za ka sa ni, da na bi babbar bas."

Baba ya yi dariya har yana tari. Da ya gama cin abinci ya je ya tsaya a bayan mota ya dafa tamfol. Ya ce, "Yana nan dai ko?"

Na ce, "Yana nan, Baba. Igiya ba ta motsa ba."

Gaskiya na faɗa, igiya ba ta motsa ba. Amma sau uku ina duba igiya daga ƙasa, ban taɓa taka taya na hau na dubi saman tamfol ba. Akwatin yana da kusurwa mai ƙarfe. Tamfol ɗin an yanka shi ne don kaya shimfiɗaɗɗu, da na ja shi ya kai ƙugiya sai ya ɗame a kan kusurwar nan. Iska tana kaɗa shi tun daga Godome, ƙarfe yana cin sa a hankali.

Sabalu, sha biyu saura minti ashirin. Hajara ta so sayen garin rogo, na ce sai a dawowa, babu wuri.

Bante

Ƙarfe ɗaya da kwata muka tsaya a Bante, kilomita kusan ɗari biyu da casa'in, muka yi sallar azahar a wani ƙaramin masallaci bakin hanya. Da muka fito na ga gabas ta yi baƙi. Wani dattijo mai sayar da doya ya dubi motar ya ce da Hausarsa ta 'yan arewa, "Mai mota, daga teku kuke? Nan damina ce tsakiya. Jiya ma an kwana ana yi."

Na san haka. Na sha bin hanyar nan. Amma da safe sararin Kwatano na duba, na yi wa Jugu hukunci da shi.

Baba ya ce, "Sule, a shigo da akwatin nan."

Na duba agogo. Biyu saura kwata. Kwance igiya, ɗage tamfol, sake ɗaurewa, minti ashirin ne. Na riga na gaya wa mutanen Jugu za mu iso kafin la'asar ta fita. Na ce, "Baba, tamfol sabo ne, ranar Asabar na saye shi. Ko kogi aka juye masa ba zai yoyo ba."

Ya dube ni, ya shiga mota. Baba Habu ba ya faɗin abu sau biyu ga wanda ya goya.

Ruwan ya sauko ƙarfe biyu da minti goma, a cikin daji, babu gari kusa. Kamar da bakin ƙwarya. Na kunna fitilu, na rage gudu. Hajara ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce a hankali, "Malam, tsaya mana." Na ce in na buɗe tamfol yanzu shinkafa za ta jiƙe. Minti arba'in na yi ina tuƙi cikin ruwan nan. Sai ƙarar abin share gilashi da ƙwayar carbin Baba.

Basila

Uku da kwata, ruwa ya tsagaita, na tsaya ƙarƙashin rumfar wani gidan mai. A nan ne na taka taya na hau. Hujin da ke jikin tamfol bai fi faɗin tafin hannu ba, daidai kan akwatin. Shinkafa ba ta jiƙe ba ko ƙwaya, katifa ta tare mata. Murfin akwatin kuwa katako biyu ne aka haɗa, ruwa ya bi ta tsagar.

Na sauko da shi na ajiye a kan kujerar direba. Baba ya buɗe da kansa. Gafaka biyu na ƙasa sun yi laima a baki kawai. Ta sama, wadda ta fi tsufa, ta sha ruwa sosai. Tawadar mutanen dā, ta gawayi ce da ƙaro, ba ta jure ruwa. Ya zaro takardun, baƙin ruwa yana bin yatsunsa yana ɗiga a kan rigarsa fara.

Inna Kande ta fara salati. Iya Rabi ta cire mayafinta ta shimfiɗa a kan bencin mai gidan man, ta ce, "A jera su nan, kada a goga, kada a goga!"

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Riƙe wannan ta gefe. Kada ka sa yatsa a tsakiya."

Awa ɗaya muka yi a nan. Daga Basila zuwa Jugu, kilomita tamanin da biyar, akwatin a cinyar Hajara yake, takardun da suka jiƙe kuma a cinyar Baba cikin mayafin Iya Rabi. Ashe wurin yana nan tun safe. Muka shiga Jugu shida saura minti goma, la'asar ta kusa fita, a ƙofar gidan Gwaggo muka yi ta.

Kwana uku a Jugu

An sauke mu a ɗakin ɗanta, aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Washegari da hantsi muka shanya takardun a inuwa, muka ƙirga. Goma sha tara ne rubutunsu ya tafi. Wasu rabi, wasu sai inuwar layi.

Baba ya zauna gefen gadon Gwaggo ya fara karatu. Ya wuce addu'ar farko, ya wuce tashin ayarin Madugu Bawa Dogo, ya kai inda za a lissafa mutanen ayarin, sai ya yi shiru.

Gwaggo ta ce, "Habu, ka tsaya. Idonka ne?"

Ya ce, "Yaya, ruwa ya taɓa wurin."

Ta ce, "Wa ya ɗauko shi?"

Ina bakin ƙofa. Na ce, "Ni ne, Gwaggo. Sule. A saman kaya na ɗora shi."

Ta ce, "Ɗan Garba, ubanka ma haka yake, in ya ɗaure abu ko Sarkin Zongo ba ya sa shi kwancewa. Matso ka zauna. Habu, ɗauko alƙalami."

Ta fara jero sunaye da ka, yadda kakarta take rera mata su tana yarinya. Ta kawo sha ɗaya. Baba ya ce a takardar sun kai talatin, shi kansa bai haddace su ba, domin yana ganin ga su a rubuce. Kwana biyu suna yi, ita tana tunowa, shi yana rubutawa a littafin 'yan makaranta da na sayo a kasuwa. Wani sunan sai ta kama farkonsa ya kuɓuce mata, ta yi ta murza goshi. Na kasa zama in gani, na kuma kasa tashi.

Ranar da za mu taho ta riƙe hannuna ta ce, "Saura suna bakin tsofaffin Zongo. Ka je ka nema tun suna da sauran numfashi."

Dawowa

Mun bar Jugu ranar Juma'a ƙarfe shida da rabi na safe. Iya Rabi ta zauna a Jugu sayen wagashi, akwatin ya samu kujerarta, na ɗaura masa bel kamar mutum. Sabalu sha ɗaya da kwata, Hajara ta sayi garinta. Bohikon muka yi sallah. Godome biyar da rabi, cunkoso ya riƙe mu minti arba'in. Muka tsaya ƙofar gida shida da rabi, ana shirin kiran magariba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mutanen Jugu da suka karɓe mu, da Iya Rabi da mayafinta ya lalace da tawada ta ƙi karɓar wani.

Gwaggo Asabe ta rasu mako bakwai bayan haka. Allah ya jiƙanta. Baba Habu har yau bai taɓa ɗaga mini maganar ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mun zagaya gidaje tara a Zongo, ni da shi, mun samo suna huɗu. Littafin yana da layuka da ya bari a buɗe.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In kakanninka sun sauko ta Jugu, ka je wurin tsohon gidanku ko tsohuwar gidanku a makon nan, ka tambaye su ko sun taɓa jin wani nasu ya bi ayarin Madugu Bawa Dogo. In sun ambaci suna, ko rabinsa ne, ka rubuta ka kawo zauren Baba Habu bayan la'asar. In tsohon ba ya iya tafiya, ka aiko mini, zan zo in ɗauke shi da motar nan, a kujerar gaba.