Sifana a Hannuna

Muna wankin mota a Shumaisi, can ƙasar Larabawa, mu uku 'yan Maraɗi, muka hango wani tsoho a kulle cikin mota da tsakar rana, bakinsa a buɗe, ko hannu ya kasa ɗagawa. Ga sifana a hannuna, amma muka tsaya tambayar juna takardar zaman wa ba ta mutu ba. Babu wanda ya taɓa gaya mana ko doka za ta kare baƙon da ya fasa gilashin ɗan ƙasa. Sai na ruga kanti na jawo wani Balarabe, na miƙa masa sifanar, ya fasa gilashin. Tsohon ya rayu. Abin da ke ƙona mini rai har yau, bugu ɗaya ne fa, kuma hannuna ya fi na Balaraben ƙarfi.