Sharaɓar Hagu

Agarata ta tsinke ne a bakin aiki, ina tura wata tsohuwa a keken marasa lafiya a filin jirgi. Ji na yi kamar an jefe ni da dutse ta baya. Na waiwaya, ba kowa.

Ranar da aka cire simintin asibiti, ƙafar wani na gani. Sharaɓar hagu ta zube, ta koma kamar muciya. Ta dama tana nan a dunƙule, irin ta mahaifina, wanda ya ƙare rayuwarsa yana taka keke da kayan koli ƙauye-ƙauye. Bai bar min gona ba. Ƙafafun nan ya bar min, New York kuma ta cinye ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai kujera ce. A masallacinmu na unguwar Jamaica akwai kujerun roba a ƙarshen sahu, na tsofaffi. Can na koma, don ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Wani ɗan Nijar ya riƙa ce min, "Dattijo, a matso maka da ita?" Ya girme ni fa.

Mai duba ƙafar Bahaushiyar Gana ce. Ta ce in riƙa miƙe ta. Ni a tunanina in an ja nama sosai, cika zai yi. Na ɗaura rawani a tafin ƙafa ina ja har hawaye, in bi da ruwan zafi da man zafi kamar yadda ake gashi a gida. Ƙafar ta yi ƙiba. Na tafi asibiti da murna.

Matar ta danna da babban yatsa, wurin ya lotsa.

"Alhaji, kumburi ne wannan. Wa ya ce ka ja ta kamar akuya? Miƙewa sakin jijiya take, ba ta zuba nama. Ɗaga dunduniya zai ɗan ciko ta, amma ba za ta kamo 'yar'uwarta ba."

"To me nake zuwa yi nan?"

"Kai me kake so?"

"Ƙafar ubana."

"Wannan ba ni da ita. Sai me?"

Na ce, "In kai goshina ƙasa."

Wannan ta koya min, a hankali, a bakin matakala, ba rawani. Wata Juma'a na wuce kujerun na shiga sahu. Da zafi, amma goshin ya kai.

Har yau in na naɗe wando zan yi alwala, muciyar nan nake gani. Ina wanke ta kamar yadda nake wanke ɗayar.