Na Jingina Wa Mamaci Maganar Da Bai Faɗa Ba

A lokacin ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin kasuwanci, ɗiyar mai sayar da hatsi a Bawku, kuma ta farko a gidanmu da ta kai wannan mataki. Aikin kammala karatuna a kan cinikin kifi ne a Makango da ke kusa da Salaga, don haka na yi wata biyu a Salaga wurin gwaggona, ina bin mata masu bandar kifi da tambayoyi. Abin da na karanta a littattafai kuwa sai dai in kwafe, ba sunan marubuci, ba shekara, ba shafi. Gani nake ɓata lokaci ne.

Da lokacin miƙa aiki ya matso, akwai wani sakin layi mai kyau da na kwafa a ciki kan yadda dillali ke riƙe amana. Na nemi inda na samo shi, na rasa. Maimakon in cire, sai na ari sunan wani marubuci daga takardar ƙawata, na ƙago shekara da shafi, na liƙa.

Ranar kare aikin, cikin malaman da ke zaune akwai wani dattijo ɗan Yendi da aka gayyato. Ya karanta wurin a hankali, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko na taɓa riƙe littafin da hannuna. Na ce e. Sai ya ce marubucin nan malaminsa ne, da shi aka kai shi makwanci, kuma bai taɓa rubutu kan dillanci ba. "'Yata, me ya yi miki?"

Aka ce in koma gida in jira hukunci, har da yiwuwar kora. Mako uku abinci bai shiga cikina ba. Baba kuwa ya riga ya sanar a masallaci cewa na gama. Ranar da na faɗa masa, ya ce in rubuta wa malaman gaskiya duka. Na rubuta. Ba su kore ni ba, amma suka ƙara mini shekara, na sake aikin daga farko.

'Yan'uwana ɗalibai, duk layin da kuka ɗauka, ku rubuta mai shi da shafinsa nan take. Wanda kuka rasa tushensa, ku cire. Sunan da kuke sawa a ƙasan takarda na mutum ne, yana da almajirai da 'ya'ya. Ni har yau marigayin nan, bawan Allah, nake wa addu'a, don ba ni da hanyar neman gafararsa.